Gaɓa Goma Sha Ɗaya

Shekara talatin da huɗu ina goge matattun ƙwari a ɗakin ƙasa na Sashen Nazarin Duwatsu, amma har yau in aka tambayi matata aikin da nake yi, sai ta ce ina aiki a jami'a, ta ja bakinta ta yi shiru, ta bar mutane su ɗauka abin da suka ga dama. Ba na ganin laifinta. Ta yaya mace za ta yi wa maƙwabta bayanin cewa mijinta, da gemunsa da furfurarsa, yana wuni da allura da buroshin goge baki yana sosa dutse, don ya fito da ƙwaron da ko yana raye ba wanda zai kula shi?

A sashen Mai Gam ake kirana. Malamai su je wuraren fasa dutse su ciko buhu, su jibge min a ƙofa kamar ni na aike su. Ni in tono abin da ke ciki, in haɗa wanda ya karye, in miƙa musu. Su kuma su hau sama, inda akwai taga da fanka, su rubuta takarda a ƙara musu girma. Haka aka raba aikin tun kafin in zo, kuma ban ga alamar za a sake rabon ba.

Ƙwaron da ya fi ba mu aiki sunansa tirilobait. In ba ka taɓa ganinsa ba, ka kawo kyankyaso a ranka, ka sa mota ta taka shi, ka bar shi ya bushe, to ka kusa. A gindin teku ya yi rayuwarsa, ɗan uwan kunama da ƙaguwa ne ta nesa, kuma ya ƙare kaf sama da shekara miliyan ɗari biyu da hamsin, bai bar magaji ba sai mu da muke cin abinci da gawarsa. A tsaye jikinsa kashi uku ne, tudu a tsakiya da ɓari biyu a gefe. A kwance ma kashi uku ne, kai da ƙirji da wutsiya. Kan kamar rabin faranti yake, da ƙullutu a tsakiya, da ido biyu a gefen ƙullutun, wasu har da ƙaya a kumatu. Ƙirjin kuwa gaɓa-gaɓa ne, don in ya ji tsoro ya dunƙule ya ɓoye cikinsa.

Malamanmu ba su da aikin da ya wuce raba wa waɗannan matattu zumunci. Su duba ƙullutun kai, su duba tsagar fuska inda ƙwaron ke fashewa in zai yi saɓa, su ƙirga gaɓoɓin ƙirji, sai su yanke hukunci cewa wannan ɗan gidan wane ne. Babban gida shi ne dangi, ƙarƙashinsa jinsi, ƙarƙashin jinsi nau'i. Dangin da duwatsunmu suka fi haifarwa gaɓa takwas gare su in sun girma, ba ƙari ba ragi. Muna da su cike da durowa uku, har ɗalibai kan danne takarda da su.

Sai guda ɗaya tak, wanda ke zaune shi kaɗai a akwatin gilashi a kan jan ƙyalle. Kansa na dangin ne, wutsiyarsa ta dangin ce, amma gaɓarsa goma sha ɗaya. Wannan shi ne Ƙwaron Farfesa.

Farfesa gajere ne mai sanƙo, in yana bayani yakan rufe ido, shi ya sa bai taɓa sanin rabin ajinsa barci suke ba. Da wannan ƙwaron ya kafa sabon jinsi, ya raɗa masa sunan mahaifiyarsa, ya liƙa wa sunan wata jela ta Latin da ko shi sai ya ja numfashi kafin ya faɗa. Ni dai ban san uwar da za ta yi murna an yi mata takwara da ƙwaro ba, amma Inna ta yi, har hoton ta rataye a falonta. Da ƙwaron ya samu digirinsa na ƙarshe, da shi ya hau jirgi ya ga duniya, da shi ya zama Farfesa. Kuma a duk masu digirin ginin nan, shi kaɗai ne ke sauko wa ɗakina ya zauna a kan kujerata mai ƙafa uku mu sha shayi, yana kirana abokina. Ina faɗa ne don a san ba ƙinsa nake yi ba. Ina sonsa, kuma abin da ya sa labarin ya yi muni ke nan.

Domin gaɓa ukun nan da suka ɗaga shi sama, ni na saka su.

Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, lokacin yana ƙaramin malami mai kwat ɗaya, ya kawo min buhu daga wani tsohon ramin fasa dutse, ya ajiye ya tafi aji. Na zazzage. Na tarar da gutsure mai kai da gaɓa shida, daga nan ya karye. Na ƙara tonawa na samu wani mai gaɓa biyar da wutsiya. Launinsu ɗaya, dutsensu ɗaya, girmansu kusan ɗaya. Na gwada su suka ƙi zama, amma kaɗan ya rage. Ni kuma a lokacin hannuna ya fi kaina aiki. Na ɗauko magagari na ɗan shafa bakin wannan, na ɗan shafa bakin wancan, na kwaɓa gam da garin dutsen na cike, na bi da allura har tsagar ta ɓace ɓat.

Tsohon da ya koya min aikin ya sha gaya min cewa abin kunya ne a ga inda mai gyara ya taɓa. Yaran yanzu suna barin tsagar a fili, har su rubuta a littafi cewa a nan aka haɗa, mu kuwa a zamaninmu ɓoyewar ita ce gwanintar. Shi ya sa da na miƙa wa malamin ban ce masa biyu na tarar ba. Jira nake ya gano da kansa, ya riƙe baki, ya yaba min. Bai gano ba. Ƙirgawa ya yi, ya sake ƙirgawa, ya ce in ƙirga, sannan ya zauna a ƙasa daɓas da kwat ɗin nasa. Ranar na fara sanin cewa ana ƙirga wa ƙwaro gaɓa.

Zan rantse a ko'ina cewa shekara goma sha biyu na yi ina ɗaukar ƙwaron nan guda ɗaya ne da ya karye. Sai wata rana ina share sito na ci karo da kwalin ragowar buhun. A ƙasansa akwai wani gutsure da ban taɓa wankewa ba. Na wanke, sai ga wutsiya da gaɓa biyu, da wata farar jijiya da ta ratsa dutsen ta ƙasa. Na hau sama na buɗe akwatin gilashi, na kifa Ƙwaron Farfesa. Farar jijiyar tana nan, ta taso daga ƙarƙashin kai, ta zo daidai inda na sa gam ta tsaya cak. Shida da biyu ko ɗan firamare ya san takwas ne. Sabon jinsin da duniya ta tafa wa, gawa biyu ce ta ƙwari gama-gari da na ɗaura wa aure ba da saninsu ba.

Na yi niyyar faɗa masa a ranar, Allah ne shaidata. Amma a makon aka ba shi kujerar Farfesa, ana ta zuwa barka, na ce bari hayaniya ta lafa. Da ta lafa sai ga baƙi daga waje sun zo ganin ƙwaron. Da suka tafi sai jarrabawa. Na jefa wutsiyar a gwangwanin madara cikin tsofaffin ƙusoshi, na tura can ƙuryar durowa. Tsoro ne, ba wani abu ba, tsoron kora da tsoron a ce Mai Gam ya yi aika-aika. Haka gwangwanin ya shekara goma sha tara.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Wasu malamai a ƙasashen waje sun yi ta gunaguni cewa ƙwaro ɗaya ba ya kafa jinsi, a nemo na biyu. Don haka duk dogon hutu sai Farfesa ya ɗaure ƙugu ya koma ramin nan neman ɗan uwan ƙwaronsa, ni kuma ina biye da shi da guduma da gorar ruwa. Ya fasa dutse ya ƙirga takwas, ya yi tsaki ya ajiye. Ni kuwa in ce, "Wataƙila na gaba ne, ranka ya daɗe."

Bana ritayarsa ta zo. Shugaban Sashe, mutumin da ba ya wuce wurin da za a yanke kirtani a ɗauki hoto, ya yanke shawarar a sa wa ɗakin ajiyar samfura sunan Farfesa, a kuma buga hoton ƙwaron ƙato a bango, tsawon mutum. Aka ɗora wa Dakta aikin ɗaukar hoton. Dakta tsohuwar ɗalibar Farfesa ce da ta dawo daga karatu bara, siririya mai tabarau, wadda in ka ce mata ina kwana sai ta duba agogo kafin ta amsa. Ba ta da mugunta, amma ba ta yarda da komai sai ta auna.

Ranar Litinin ta sauko ɗakina da ƙwaron a kan tire.

"Baba, zo ka ga wani abu."

Na zo ina goge hannu.

"Duk 'yan dangin nan, gaɓoɓin baya ba sa fin na gabansu faɗi. Wannan ya taho yana raguwa har ta shida, sai ta bakwai ta sake buɗewa. Ka taɓa ganin halittar da ta tsuke sannan ta kumbura a tsakiya?"

"Na gani mana. Ba ga Shugaban Sashe ba?"

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta cire tabarau ta dube ni, irin duban da 'yata ta fari ke min in na ce na sha maganina.

"Ranar Alhamis zan aro fitilar shuɗin haske daga Sashen Sinadarai. Duk inda gam yake, ƙarƙashinta walƙiya yake yi, ko ya shekara ɗari. A gaban Farfesa zan kunna, don ba zan yi masa abu a bayan ido ba." Ta mayar da tabarau. "Littafin ajiya ya nuna kai ka gyara shi, Baba. Na ce bari in fara gaya maka, ko akwai abin da ka fi so ya ji daga bakinka."

Ta ɗauki tirenta ta hau sama, ta bar ni tsaye da tsumma a hannu.

Kada ku ɗauka nan take na tuba. Abin da ya fara zuwa min shi ne in saki ƙwaron a kan siminti in ce tsautsayi ne, amma na san gam ɗina, dutsen zai farfashe ko'ina ya bar wurin haɗin daram. Na biyu, na tafi Sashen Sinadarai wurin mai sitonsu, da fatan in ji fitilar ta ƙone kamar kowane abu a jami'ar nan. Mutumin ya fito da ita daga kwali yana shafa ta, ya ce min a duk sashensu ita kaɗai ce ke aiki, har da mutanen. Ya kunna ta a fuskata don in gani, ya kuma sanar da ni cewa haƙorana biyu na roba ne, abin da ban tambaye shi ba.

Safiyar Laraba na kasa shan shayi. Matata tana kan keken ɗinki tun da wuri, tana haɗa rigar wata mai rigima. Ta tsayar da ƙafarta ta ce, "Baban yara, ko dai ka faɗa min, ko ka daina huci a kaina."

Na faɗa mata duka. Ta saurara, ta saurara, sai ta kwashe da dariya har ta kifa kai a kan keken.

"Wato duk jiragen nan da mutumin nan ya hau, a kan gam ɗinka ya hau su? Kai, Allah mai iko! Ashe da Farfesa nake zaune ban sani ba!"

"Ba abin dariya ba ne."

"Abin dariya ne mana. Ni ma na taɓa ɗinka wa riga hannun wata rigar." Ta share hawaye da bakin zane. "To yaushe ka gane?"

"Shekara goma sha tara ke nan."

Dariyar ta ɗauke. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Kana nufin duk tafiyar nan da kuke yi, kana riƙe masa ruwa yana fasa dutse da ciwon gwiwarsa, ka san babu?"

Na gyaɗa kai.

"Wannan kam ba hannun riga ba ne," in ji ta. "Tashi ka je. Kada ka bari yarinyar nan ta haska ka kamar ɓarawon kaza. Ka je da ƙafarka."

Na tarar da Farfesa a ofishinsa cikin kwalaye, yana ɗaure littattafai yana bitar jawabin bankwana, ido a rufe. Ya ji motsina ya ce, "Yawwa abokina, zauna ka ji wannan wurin." Ya gyara murya. "Halitta ba ta tsayawa a inda littafi ya ce ta tsaya. Inda 'yan uwansa suka gamsu da takwas, wannan ƙaramin jarumi ya ƙara uku, domin ya iya dunƙulewa fiye da kowa a tekun zamaninsa." Ya buɗe ido. "Ya ka ji?"

"Ya yi daɗi, ranka ya daɗe."

"Ka san na sa sunanka a godiya? Bayan Shugaban Sashe, amma kafin direba."

Na ajiye gwangwanin a kan teburinsa. Na buɗe, na zazzage ƙusoshin a kan jawabin. Wutsiyar ta gangaro ta tsaya kusa da alƙalaminsa.

Ya ɗauka kamar yadda ya saba, ya kawo kusa da hanci. "Wutsiya da gaɓa biyu. Gama-gari. Daga ina?"

"Daga buhunka, ranka ya daɗe. Na farkon nan. Ka juya ƙasanta."

Ya juya, ya ga farar jijiyar. Mutumin da ya shekara talatin yana kwana yana tashi da dutse ɗaya ya san kowane zane a jikinsa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Amma na yi, don na riga na fara. Na faɗa masa gutsure biyun, da magagarin, da garin dutsen, har da fitilar da Dakta za ta aro. Bai katse ni ba. Sanƙonsa dai ya jiƙe sharkaf, ya ciro hankici ya riƙe bai goge ba.

"Kira min Dakta," ya ce. "Ta zo da shi ƙasa. Ba sai an jira fitila ba."

Muka sauka mu uku. Ya ƙi kujerar, ya tsaya a kaina. Na jiƙa auduga da asiton, ruwan nan da mata ke goge jan farce da shi, na ɗora tsakanin gaɓa ta shida da ta bakwai. Gam ɗin ya yi taurin kai, don a gaskiya aikin ya yi kyau, kuma ko a wannan hali sai da wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗin hakan. Na yi ta jiƙawa ina bi da allura kusan awa guda. Garin dutsen ya fara narkewa ya zama taɓo, tsagar ta bayyana, sai ga sawun magagarina a baki biyun, sumul kamar jiya na yi. Na ɗan motsa, ƙwaron ya rabu biyu a hannuna ba ko ƙara.

Farfesa ya ture gutsuren baya gefe, ya ɗauko wutsiyar gwangwani ya matso da ita. Ta sama akwai giɓi inda na goge, amma ta ƙasa duwatsun suka shige juna, jijiyar ta haɗu ta wuce. Ya sa bakin alƙalami ya ƙirga a fili, ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗan aji ɗaya.

"Takwas," ya ce. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Ƙaramin jarumi. Shafi arba'in na rubuta a kan yadda yake dunƙulewa."

"Farfesa," in ji Dakta a hankali, "kuskuren haɗi ne. Ya faru da manya a wurare da yawa."

"Na sani, ni na koya miki. Ina tsaye a gaban allo ina gargaɗinku ku juya kowane samfuri ku duba ƙasansa, nawa kuwa yana kwance a kan jan ƙyalle." Ya dubi duwatsun. "To, ƙa'ida. Faɗa min, ki ɗauka ni ɗalibi ne."

Dakta ta gyara tabarau. "Tunda samfurin halitta biyu ne, dole a zaɓi ɗaya wanda sunan zai zauna a kansa. Sannan sunan zai koma ƙarƙashin tsohon jinsin da aka riga aka sani. Ba za a goge shi ba, amma ba za a ƙara kiran komai da shi ba."

"Wato in zaɓa wa mahaifiyata, kai ko wutsiya."

"Haka ƙa'idar ta ce."

"Kai," ya ce. "Ko banza ta haife ni. Je ki gaya wa Shugaban Sashe ya dakatar da mai buga hoto. In ya suma ki yayyafa masa ruwa. Takardar gyaran ke za ki rubuta, ni in sa hannu a ƙasa."

Ta fita. Na ɗauka an gama, har na fara jin wani sanyi-sanyi a raina, ina cewa ashe abin bai kai yadda na ɗauka ba. Na shiga tattara audugar. Sai a lokacin ya jawo kujerar ya zauna, yana tausa gwiwarsa ta hagu.

"Gwangwanin nan ya yi tsatsa," ya ce. "Tun yaushe?"

Ƙarya ta zo min har bakin leɓe. Da na ce makon jiya na gani, ba mai ƙaryata ni a duniya sai matata.

"Shekara goma sha tara, ranka ya daɗe."

Ya gyaɗa kai a hankali. Na ga yana lissafi da yatsunsa a kan gwiwa.

"Tafiya nawa muka yi ramin nan bayan haka?"

"Goma sha bakwai."

"Shekarar da Inna ta kwanta ciwo, aka ce in dawo, na ce a ba ni kwana uku don mun kai sabon layin dutse. Kana tunawa?"

"Ina tunawa."

"Me ka ce min da safen nan, da na tsaya ina shawarar in tafi ko in zauna?"

Ina tunawa sarai. Muna tsaye a bakin mota, jakarsa a hannu, ya tambaye ni ko ina ganin layin zai ba da wani abu. Amsa ɗaya ce za ta sa shi a mota, kuma tana cikin bakina.

"Na ce layin yana da kyau."

"Ka ce layin yana da kyau." Ya maimaita ba tare da ɗaga murya ba. "Na isa an riga an dawo daga maƙabarta."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Ni da nake yi wa kowa a ginin nan ba'a a zuci, yau ga ni a ƙasa a gabansa. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da aka haife ni.

"Ka yafe min, ranka ya daɗe. Don Allah ka yafe min."

Ya dafa tebur ya miƙe da ƙyar. Ya tsaya yana kallon duwatsun uku, sannan ya dube ni, idonsa a buɗe tar.

"Gam ɗin ba komai ba ne. Yaro ne ya yi, wani yaron ya hau kai, mun raba laifin. Tashi, gwiwa ba ta da arha." Ya nufi ƙofa, ya kama ƙarfen matakala. "Ɗayan kuwa ba ni kaɗai ka yi wa ba. Kwana uku Inna tana tambayar ko na iso. Ita ya kamata ka roƙa, ni kuma ban san inda zan kai maka saƙon ba."

Na ji takunsa yana hawa, taki ɗaya ya huta, taki ɗaya ya huta, har ya kai sama. Ni kuwa ban tashi ba.